An ce rashin aikin yi ya ragu, an kuma ƙara albashi: me ya sa talaka bai ji sauƙi ba?

Wani ɗalibi da ke ajin farko na karatun tattalin arziki ya turo tambaya, ga taƙaicenta: "Malam, a 2021 an ce kashi 33 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su da aikin yi, a 2023 kuma aka ce kashi 4 ne kacal. Ga shi an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Amma a unguwarmu matasa na nan zaune a majalisa, mahaifina kuma ma'aikaci ne, albashinsa ba ya kai mu tsakiyar wata. Ƙarya ake yi mana, ko akwai abin da ban gane ba?"

Ƙanena, ba ƙarya aka yi maka ba, idonka ma bai yaudare ka ba. Abin da ya faru shi ne an miƙo maka ma'auni biyu, adadin marasa aiki da adadin nairar albashi, waɗanda a ƙasa irin tamu ba su ne ke nuna halin da ma'aikaci yake ciki ba. Ciwon kasuwar ƙwadagon Najeriya bai cika fitowa a yawan waɗanda ke zaune babu komai ba. Yana fitowa ne a yawan waɗanda ke tashi tun asuba, su wuni suna fama, su koma gida da abin da ba zai ciyar da iyali ba. Idan ka riƙe wannan, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Mu fara da gyara ɗaya a tambayarka. Kashi 33.3 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, ta fitar game da watanni ukun ƙarshe na 2020, ba kaso ne na dukkan 'yan Najeriya ba. Kaso ne na rundunar ma'aikata kawai, wato waɗanda ke aiki da waɗanda ke neman aiki idan an haɗa su. Yara ba sa ciki. Ɗalibin da karatu kawai ya sa a gaba, kamar kai, ba ya ciki. Tsohon da ya ajiye aiki ba ya ciki, haka ma matar da ba ta sana'a kuma ba ta nema. A ƙa'idar da duniya ke bi, kafin a rubuta mutum a matsayin marar aiki sai ya cika sharuɗɗa uku: ba ya aiki, yana neman aiki, kuma a shirye yake ya kama idan ya samu. Ka ga ke nan saurayin da ya yi shekara uku yana yawo da takardu har ya gaji ya daina nema, a wannan lissafin ba marar aiki ba ne, ya fita daga rundunar gaba ɗaya. Wasu daga cikin 'yan majalisar unguwarku nan suka faɗa.

To yaya 33 ta koma 4? Ba masana'antu aka buɗe ba, hanyar ƙirgar aka sauya. A tsohon tsari, NBS na duba 'yan shekara 15 zuwa 64, kuma duk wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, ko da ya ɗan taɓa wani abu, marar aiki ne a wurinta. Wanda ya yi awa 20 zuwa 39 ana cewa aikinsa bai ishe shi ba. A watan Agustan 2023 hukumar ta fito da sabon rahoto bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda mafi yawan ƙasashe ke bi. A wannan tsari, duk ɗan shekara 15 zuwa sama da ya yi aikin ko da awa ɗaya a cikin kwana bakwai da suka wuce, domin a biya shi ko domin riba, mai aiki ne. Da aka auna da wannan sai aka samu kashi 5.3 a ƙarshen 2022, da kashi 4.1 a farkon 2023. Mai sayar da rake da yamma, da matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida tana ba yara talla, da saurayin da ya ari babur ɗin yayansa ya yi acaɓa ranar kasuwa, duk sun shiga sahun masu aiki.

Mutane da yawa sun fusata da wannan sauyi, kuma na fahimci fushinsu. Amma a ganina hukumar ba ta yi laifi ba da ta koma tsarin da duniya ke bi, domin sai da ma'auni ɗaya ake iya kwatanta ƙasa da ƙasa. Laifin yana wurin duk wanda ya ɗauki 33 da 4 ya jera su a matsayin shaidar ci gaba. Mudu biyu ne mabambanta, ba a auna hatsi da babban mudu bara, a auna da ƙarami bana, sannan a ce amfanin gona ya ƙaru.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, wanda littattafan aji ɗaya ba su cika tsayawa a kai ba saboda yawancinsu an rubuta su ne da Amurka da Turai a zuciya. Zama babu aiki abu ne mai tsada. A Jamus ko Ingila, wanda ya rasa aiki yana da tallafin gwamnati da zai riƙe shi watanni yana neman wani aikin da ya dace da shi. A Najeriya babu wannan. Magidancin da aka sallama daga kamfani a Sharaɗa ta Kano ba zai iya zama wata shida yana jira ba. A makon farko zai nemi dako, ko ya karɓi A daidaita sahu yana kai balas, ko ya kasa kayan miya a bakin titi. A idon mai ƙididdiga ya samu aiki. A zahiri abin da yake samu ya faɗi ƙasa warwas. Shi ya sa za ka ga abin da zai ba ka mamaki idan ka duba ƙasashe: Jamhuriyar Nijar, wadda ke cikin mafi talaucin ƙasashen duniya, adadin marasa aikinta a ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya bai kai kashi 2 ba, alhali Afirka ta Kudu, wadda ta fi ta arziki nesa ba kusa ba, tana fama da sama da kashi 30. A Afirka ta Kudu akwai kuɗin tallafi da miliyoyin gidaje ke karɓa, kuma mulkin wariyar launin fata ya daɗe yana danne ƙananan sana'o'in baƙar fata, don haka wanda bai samu aikin albashi ba sau da yawa zama yake yi. A Maraɗi ko Damagaram kuwa, wanda ya zauna yunwa ce za ta tashe shi.

Saboda haka idan rahoton NBS ya fito, kada ka tsaya a layin farko. Ka gangara ƙasa. Za ka tarar cewa sama da kashi 90 na masu aiki suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da fansho. Za ka tarar sama da kashi 80 kansu suke yi wa aiki, masu karɓar albashi ko lada daga wani kuwa ba su kai kashi 20 ba. Ka haɗa wannan da rahoton hukumar na 2022 da ya ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 na al'umma, suna cikin talauci ta fuskoki da dama. Ƙasar da kusan kowa ke aiki amma kusan biyu bisa uku ke cikin talauci, matsalarta ƙarancin abin da aikin ke haifarwa ce.

Wannan ba ya nufin babu rashin aiki na zahiri. Akwai shi, kuma iri-iri ne. Wanda ya bar wani wuri yana neman wani, ko wanda ya gama hidimar ƙasa yana cikin watannin farko na nema, wannan kowace ƙasa tana da shi, ba abin tayar da hankali ba ne. Akwai kuma wanda ke zuwa idan tattalin arziki ya ja baya gaba ɗaya, kamar yadda ya faru a 2016 da farashin ɗanyen mai ya faɗi, da 2020 lokacin korona: mutane sun rage saye, 'yan kasuwa sun rage oda, kamfanoni sun rage ma'aikata. Wannan yakan yi sauƙi idan kasuwa ta farfaɗo.

Iri biyu ne suka fi ci mana tuwo a ƙwarya a Arewa. Na farko shi ne na yanayi. Manomin da ya dogara da damina yana da aikin wata huɗu zuwa biyar a shekara. Daga an gama girbi har faɗuwar ruwa, ƙarfinsa na nan amma gona ba ta buƙatarsa. Kakanninmu sun daɗe da gano maganin wannan, shi ne cin rani: a bar ƙauye a tafi Kano, Kaduna, Legas ko Fatakwal, a yi ga-ruwa, gyaran takalmi, yankan farce, gadi ko dako, a dawo kafin shuka. Ɗan cin rani ba ya fitowa a cikin marasa aiki, amma rabin shekararsa yana tafiya ne a aikin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Inda aka samu ruwa, kamar yankin Kadawa da Kura da madatsar Tiga ke shayarwa, za ka ga bambanci ƙarara: rani lokacin aiki ne, har ma daga wasu garuruwa ake zuwa ƙwadagon tumatir da shinkafa.

Na biyu shi ne wanda ke faruwa idan sana'a guda ta mutu ta bar masu ita a tsaye. Duk wanda ya san Kakuri a Kaduna ya san wannan. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, babbar masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007, kuma irin haka ta faru da masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Rashin wutar lantarki, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna da kwararowar atamfa mai araha daga waje suka haɗu suka kashe su. Mutumin da ya yi shekara 20 yana sarrafa injin saƙa gwani ne, amma gwanintarsa ba ta da mai saye yanzu. Ko kasuwa ta farfaɗo, aikinsa ba zai dawo ba sai an sake kafa masana'antar ko shi ya koyi wani abu daban. Wannan nau'in shi ne mafi wuyar magani, kuma shi ne ya fi ba ni tausayi, domin yana cinye ilimin hannu da aka yi shekaru ana tarawa.

Sai batun masu takardar makaranta. Rahotannin NBS suna nuna cewa rashin aiki ya fi yawa a tsakanin waɗanda suka yi karatun gaba da sakandare fiye da waɗanda ba su yi boko ba, kuma ya fi yawa a birni fiye da ƙauye. Wani zai ce ashe karatu ba shi da amfani. Ba haka ba ne. Mai digiri ya fi samun wanda zai riƙe shi yana jira, kuma abin da yake jira ya cancanci jira: aikin gwamnati ko na babban kamfani, mai albashi duk wata da fansho. Masana biyu, John Harris da Michael Todaro, sun yi bayanin wannan tun 1970 bisa abin da suka gani a Gabashin Afirka. Idan guraben aiki masu kyau kaɗan ne amma ladansu ya ninka na sauran sana'o'i, mutane za su yi layi a kansu ko da damar samu ƙanƙanuwa ce, kuma duk lokacin da aka buɗe sababbin guraben sai layin ya ƙara tsawo. Mun ga mafi munin wannan a watan Maris na 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa a faɗin ƙasar domin jarrabawar shiga aikin hukumar shige da fice, ana neman cike guraben da ba su wuce 5,000 ba, aka yi turmutsutsu, mutane fiye da goma suka rasa rayukansu.

Mu koma kan albashi. Me ke yanke abin da za a biya mutum?

Mafarin bayanin shi ne yawan masu neman ma'aikata da yawan masu neman aiki. Ka duba ƙwadagon gona. Lokacin noman farko da lokacin girbi kowa na neman hannu a mako guda, sai kuɗin jinga ya tashi, har mai gona ya haɗa da fura ko abincin rana don kada a guje masa. Da rani kuwa leburan da ke tsaye a bakin titi da shebur da diga sun fi masu gini yawa, sai mai aiki ya taya yadda ya ga dama. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin matasa miliyan uku da rabi ne ke shiga kasuwar ƙwadagon Najeriya kowace shekara. Muddin guraben aiki masu inganci ba sa ƙaruwa da irin wannan sauri, ladan wanda ba shi da wata ƙwarewa ta musamman zai ci gaba da zama a ƙasa, domin a bayan kowane lebura akwai goma da za su karɓi abin da ya raina. Arthur Lewis, masanin da ya fito daga tsibirin Sent Lusiya ya kuma ci kyautar Nobel, ya yi wannan bayanin tun 1954: a ƙasar da ƙauyukanta ke cike da rarar hannaye, lada ba ya tashi sosai har sai masana'antu sun shanye rarar.

Amma akwai rufin da lada ba ya iya wucewa, shi ne darajar abin da ma'aikaci ke samarwa. Babu mai shagon da zai daɗe yana biyan yaro fiye da abin da yaron ke shigo masa da shi. Ka ɗauki teloli biyu masu gwaninta ɗaya. Ɗaya yana da keken lantarki da wuta tsayayya, ɗayan yana taka keke da ƙafa, idan zai yi aikin surfani sai ya sayi fetur ya tayar da janareta. Na farko zai ɗinka ninkin abin da na biyu zai ɗinka, kuma zai iya biyan yaransa fiye da shi. Bambancin ba na ƙwazo ba ne, na kayan aiki ne. Ma'aikacin Najeriya ba malalaci ba ne, ni ban yarda da wannan zargin ba ko kaɗan. Yana aiki ne da fartanya inda wani ke aiki da tarakta, a ƙasar da mutum sama da miliyan 200 ke raba wutar da galibi ba ta wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba. Man fetur kuma, wanda shi ne ke kawo mafi yawan kuɗin waje, hannaye kaɗan yake ɗauka. Don haka tattalin arziki na iya girma a takarda saboda mai ya yi tsada, ba tare da an ɗauki ko mutum ɗaya aiki a Gusau ba.

Wani abin lura shi ne albashi ba ya sauka da sauƙi kamar farashin tumatir. Idan kasuwa ta lalace, mai kamfani ya fi son ya sallami wasu a kan ya rage wa kowa, domin ragin albashi yana kashe zuciyar ma'aikata, nagartattun cikinsu kuma su ne za su fara tafiya. Wannan na cikin abin da masanin tattalin arziki John Maynard Keynes ya tsaya a kai a 1936, bayan ya ga yadda rashin aiki ya kai kusan kashi 25 a Amurka a 1933 kuma kasuwa ta kasa gyara kanta. A wurinmu abin yakan zo da wata siga: ba a rage albashi a takarda, sai dai a riƙe shi. A 2015 da 2016 jihohi da dama sun tara bashin albashi na watanni, har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. Wanda aka biya albashin Janairu a watan Yuni an rage masa ne, ko da adadin bai canza ba.

Wannan ya kawo mu ga mahaifinka. Albashi fuska biyu gare shi: adadin nairar da ke shiga asusu, da kuma abin da nairar za ta iya sayowa. Na biyun shi ne na gaskiya. A watan Afrilun 2019 aka sa hannu a dokar naira 30,000. Daga lokacin zuwa Afrilun 2024, bisa alƙaluman hauhawar farashi na NBS, farashin kaya ya ninka kusan sau biyu da rabi. Ma'ana, don ma'aikaci ya sayi abin da 30,000 ke saya a 2019, yana buƙatar kimanin 76,000 a 2024. Da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar naira 70,000 a ƙarshen Yulin 2024, bayan yajin aikin da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka yi a farkon Yuni har aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, ƙarin bai ma mayar da ma'aikaci inda yake a 2019 ba. Kuma a lokacin hauhawar farashi tana sama da kashi 33, ta abinci kuwa ta kusan kashi 40, wato sabon albashin ya fara zagwanyewa tun kafin ya shiga hannu.

Ka auna da fetur za ka fi gani. A 2019 lita tana naira 145, don haka 30,000 na sayen lita sama da 200. A watan Oktoban 2024 lita ta kai kusan naira 1,000, don haka 70,000 na sayen lita 70 ne kawai. Idan ka auna da dala ma haka: naira 125 da aka yanke a matsayin mafi ƙarancin albashi a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, ta kai kimanin dala 200 a canjin wancan lokaci, 70,000 kuwa ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu. Mahaifinka bai yi almubazzaranci ba. An ƙara masa takardun kuɗi, an rage masa buhun masara.

Za ka ji wasu na cewa ƙarin albashi ne ke jawo tsadar kaya, suna kafa hujja da ƙarin Udoji na 1974, lokacin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati babban ƙari tare da biyan bashin watannin baya a dunƙule, kuma a 1975 hauhawar farashi ta haura kashi 30. Akwai gaskiya a wannan tarihin: idan aka zuba kuɗi a hannun jama'a lokaci guda alhali kayan da ke kasuwa ba su ƙaru ba, farashi ne zai tashi. Amma bai dace a ɗora wa ma'aikata tsadar 2023 da 2024 ba. Tsadar ta riga ƙarin zuwa. Ta taso ne daga cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da sakin naira a watan Yuni na shekarar wanda ya sa ta faɗi ƙwarai, da rashin tsaron da ya hana manoma shiga gonakinsu a Zamfara da Katsina da Neja da wasu wurare. A wannan karon albashi ne ke bin farashi a guje, bai kuma cim masa ba.

A aji za a koya maka zanen Phillips, wanda A. W. Phillips ya fitar a 1958 daga alƙaluman Birtaniya na kusan shekara 100, mai nuna cewa idan rashin aiki ya ragu albashi da farashi sukan tashi, idan ya ƙaru su lafa. Ka koye shi da kyau, za a tambaye ka a jarrabawa, kuma yana da amfani a ƙasashen da yawancin mutane ke karɓar albashi. Amma kada ka ɗauka shi ne ke bayyana tsadar Najeriya. Tamu ta fi zuwa daga ɓangaren tsadar samar da kaya da faɗuwar naira. Shi ya sa da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024, ya taimaka wajen tsayar da naira, amma ba zai iya mayar da manomi gonarsa ba, kuma ya sa rance ya yi wa masu masana'antu tsada, wato su waɗanda ake fatan su ɗauki ma'aikata.

Saura tambayar da na san za ta biyo baya: shin dokar mafi ƙarancin albashi tana rage guraben aiki? Zanen farko da za a yi maka a allo zai ce eh: idan doka ta ɗaga lada sama da abin da kasuwa ta yanke, masu ɗaukar aiki za su rage hannaye. Amma bincike ya nuna abin bai kai nan sauƙi ba. A 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga mafi ƙarancin ladan awa daga dala 4.25 zuwa 5.05, makwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. Masana biyu, David Card da Alan Krueger, suka bi gidajen sayar da abinci a ɓangarorin biyu na iyaka, ba su ga raguwar ma'aikata a New Jersey ba. Wannan aikin na cikin abin da ya sa Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Dalili ɗaya shi ne, inda masu ɗaukar aiki kaɗan ne kuma ma'aikaci ba shi da wurin gudu, ana iya biyansa ƙasa da abin da yake samarwa, don haka doka na iya ɗaga ladansa ba tare da an kore shi ba. Ka tuna da malamar makarantar kuɗi a ƙaramin gari, wadda ba ta da wata makarantar da za ta koma. Amma idan aka ɗaga fiye da abin da sana'ar za ta iya ɗauka, to zanen allo zai yi aiki: za a rage mutane, ko a mayar da su 'yan wucin gadi.

A Najeriya dai babbar matsalar dokar ita ce gajeren hannunta. Ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ba ta shafi masu aikin yanayi irin na gona ba, ba ta kuma san da yaron shago a Kantin Kwari, ko ɗan dako a Dawanau, ko 'yar aikin gida ba. Ta fi aiki a kan gwamnati da manyan kamfanoni, su ma jihohi kowace da lokacin da ta fara biya da adadin da ta tsayar: a 2024 Legas ta yanke 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000. Ni ina goyon bayan ƙarin, domin malamin firamare da ma'aikaciyar asibiti sun cancanci fiye da haka, kuma albashin ma'aikaci ɗaya a Arewa yakan ciyar da gida biyu ko uku, ya kuma zaga wurin mai shago da mai nama da tela. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauka an magance talaucin ma'aikata da sa hannu a takarda, alhali takwas cikin goma na masu aiki ba su da wanda zai biya su albashi tun farko. Su abin da zai ɗaga samunsu shi ne wuta a layin masu walda da masu niƙa, da ruwan noman rani, da hanyar da za ta fitar da albasa kafin ta ruɓe, da tsaron da zai bar mutum ya kwana a ƙauyensa.

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, don haka a 2027 za a sake zama. Shekara uku ma tana da yawa idan farashi na tashi da kashi 20 ko 30 a shekara. Da za a ji shawarata, da shugabannin ƙwadago sun rage ƙarfin da suke sawa a kan babban adadi guda, kamar 615,000 da suka fara nema a 2024 kafin a sauko, sun nemi a rubuta a doka cewa kowace shekara za a daidaita albashi da hauhawar farashin da NBS ta auna, a kuma sa hukunci mai ciwo a kan duk gwamnati ko kamfanin da ya riƙe albashi ya wuce wata.